Jos da yara da tsohuwa: Disamba za mu je ko Agusta?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah waɗanda suka san Jos ku taimaka mini da shawara. Mu a Gusau muke. Baban Hanifa ya yi wa yara alkawarin in sun ci jarrabawa zai kai mu can mu yi kwana biyar ko shida. Yaran uku ne, babbar shekararta 11, autan 4. Hajiyarsa ma ta ce ƙafarta ƙafarmu, ga shi tana fama da ciwon gwiwa. Ni abin da ke raina lambuna ne da furanni. Tun ina ƙarama nake son shuke-shuke, amma duk abin da na dasa a tsakar gida zafin Afrilu sai ya ƙone shi. Sai kuma abinci, ina so yaran su ɗanɗana abin da ba su saba gani ba. Hutu biyu ne a gabanmu, na Disamba da dogon hutu na Agusta. Wanne ya fi?

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam Hajiya. A garin nan aka yanke mini cibiya, ki ji daga bakin ɗan gida: ku zo a Disamba. Ba ruwa, hanya a bushe, duk inda kuka nufa za ku isa. Lokacin ne kuma sitiroberi ke shigowa gari, za ki ga mata ɗauke da shi cikin ƙananan robobi a bakin titi, ja wur. Amma ku yi shirin sanyi na gaske. Da asuba yakan sauka wajen digiri 11, wata shekarar ma ƙasa da haka, ga iska mai ratsa ƙashi. Manja daskarewa yake yi a galan. Duk masaukin da za ku kama, kafin a yi maganar kuɗi ku tambaya ko akwai ruwan zafi da bargo.

Abu Sadiq Bauchi:
Ɗan Gangare ka yi haƙuri, ban yarda ba. Baiwar Allah ta ce kore take son gani, kai kuma ka tura ta lokacin da ciyawa ta bushe, hazo ya rufe duwatsu, an banka wa daji wuta. Ni duk sati biyu ina bin hanyar Bauchi zuwa Jos, kilomita 130 ne ko kusa da haka. A watan Agusta da ka wuce Magama Gumau ka doshi Tilden Fulani, sai ka ga kamar an shimfiɗa wa duwatsu koriyar darduma, gajimare ya sauko yana shafar kawunansu, ruwa na tsattsafowa daga jikin dutse. Nakan tsayar da mota in fito in tsaya kawai. Hajiya ku bari sai Agusta.

Ɗan Gangare:
Daga cikin mota kake ganin koren naka Abu Sadiq, ka kalla ka wuce. Ka taɓa yin kwana uku a jere a nan cikin marka da ƙananan yara a ɗaki ɗaya? Ruwa ya fara yaf-yaf tun safe bai ɗauke ba har isha'i, wanki ya ƙi bushewa, takalma duk laka. Kuɗin mota da na masauki su ƙare a zaman ɗaki. Kuma ruwan nan ba abin wasa ba ne. Mu da muka ga ambaliyar unguwar Rikkos a Yulin 2012 ba za mu manta ba, cikin dare ɗaya aka rasa rayuka da gidaje.

Malam Mai Taswira:
Bari in sa baki, don darasin da nake koyarwa ke nan a sakandare. Jos tana kan tudu ne, sama da mita 1,200 daga matakin teku. Kano ba ta kai mita 500 ba. Iska kuwa tana ƙara sanyi da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da mutum ya hau, to daga nan bambancin ya taso. Duwatsun Shere da ke gabashin gari sun ma fi haka, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829.

Tudun nan shi ke tare iskar damina mai ɗauke da danshi da ke tahowa daga kudu maso yamma. In ta ci karo da shi sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa garin ke samun wajen milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu har Oktoba, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara. Ruwan da ya sauka a can kuma mu ne muke sha a ƙasa: kogin Kaduna daga tudun ya taso, haka Gongola, haka ruwan da ke bi ta Jama'are ya nufi Tafkin Chadi.

Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya ambaci hutun Afrilu. Mutumin Gusau da ke gasuwa a digiri 40, in ya hau Jos a lokacin zai tarar da rana ba ta cika wuce 30 da 'yan kai ba, dare kuma da sanyi-sanyi, ga ruwan farko ya fara kwantar da ƙura. Ga mai ciwon gwiwa ni wannan zan zaɓa.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara ilimi. Afrilu ya yi mana nisa, yaran kullum sai sun tambaya. Amma yanzu kaina ya ɗaure. In a Disamba komai ya bushe, to lambunan da ake faɗi fa? Su ma bushewa suke yi?

Baba Mai Lambu:
'Yata, jikana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Tambayarki ta zo gidana, don lambu sana'ata ce, sana'ar ubana ce. In kina zaton wani katafaren lambun furanni ne mai ƙofa da mai yankan tikiti, to ba shi ne abin kallon garin nan ba. Furanni akwai su, masu sayar da dashe suna nan a bakin tituna, za ki cika but ɗin mota in kina so. Amma lambun Jos na gaskiya na abinci ne, kuma daga ramin kuza ya fito.

Turawa sun fara haƙar kuza a nan tun farkon zuwansu, har suka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos a 1914 don kwasarta. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai aka koma ɗibar mutane da ƙarfin tsiya daga lardunan Arewa, tsakanin 1942 da 1944. Mahaifina yana cikinsu, daga ƙasar Katsina, yana saurayi. Ya ce da 'yar taguwa ɗaya aka kawo su, suna kwana a bukkar ciyawa, da safe a tura su cikin ruwa da laka da kwano a ka. Da yawa sanyi da ciwon haƙarƙari ne suka yi ajalinsu. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa. Da aka sallame su bai koma ba, ya samu wani Bakano mai lambu a bakin kogin Dilimi yana noma wa turawan kamfani latas da karas da kabeji, ya zama yaronsa.

Da jigo suke ban-ruwa a lokacin. Ni ma na yi shi ina yaro: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya, ka danna ka ɗago ka juye a magudana, ruwa ya bi fangali-fangali. Sai daga baya injin fetur ya zo, mutum ɗaya ya iya shayar da abin da goma ba sa iyawa. Ramukan da kamfanoni suka haƙa suka tafi suka bari, ɗaruruwa, ruwan sama ya cika su suka zama tafkuna, su ne yanzu rijiyoyinmu. Ƙasar nan ba mai ƙarfi ba ce, sai da taki. Tokar bola muke tacewa mu haɗa da kashin kaji da ɗan na zamani.

To ga amsarki. Mu muna fara gyaran fangali ne in ruwa ya ɗauke a Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu lambu yake cika ya batse. Kabeji da karas da latas da farin kabeji da koren wake duk 'yan sanyi ne, ɗarin da ke korar mutum ɗaki shi ke sa su ƙiba. Ki zo da hantsi ki ga tudu ja ƙurmus a bushe, ki leƙa kwari ki ga kore shar har iyakar ganinki. Raɓa tana kwance a ganyen kabeji kamar an watsa tsakiya. In aka yanka seleri ƙamshinsa sai ya bi ki har mota. A tuge wa yaro karas a gabansa, a ɗauraye, a fere masa, ya ji yadda yake ƙaras-ƙaras da zaƙi. Abu Sadiq ya yi gaskiya, dutse a damina yake kyau. Lambu kuwa a rani yake.

Gargaɗi ɗaya, ki riƙe shi da kyau: kada yaro ya matsa bakin tafkin kuza. Ba kududdufi ba ne mai gangare. Bakinsa a tsaye yake, ruwan da zurfi da sanyi. Mun sha jana'izar 'ya'yan mutane.

Abu Sadiq Bauchi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Shekara nawa ina wuce lambunan nan ban san tushensu ba. Allah ya jiƙan mahaifinka. Na sauka daga maganata a kan lambu, amma a kan ruwan Assop, wanda ke zubowa daga kan dutse, ban sauka ba. Wanda ya je a Janairu siririn ruwa zai gani, a Agusta kuwa tun daga nesa ake jin rugugi.

Ngo daga Vom:
Sannunku da hira. Ni 'yar Berom ce, na daɗe ina karanta zauren nan ban taɓa magana ba, amma yau an taɓo abinci. Baba Mai Lambu, gaisuwa. Yanzu ai mu ma 'ya'yanmu sun shiga noman rani sosai, a wurinku suka gani suka koya.

Maman Hanifa, kada ki bar Jos ba ki sha gote ba. Wasu suna ce masa faten acca. Ana dafa ƙashi mai ɓargo ya yi romo, a zuba albasa da attaruhu da gauta, wasu su sa dakakkiyar gyaɗa. In ya tafasa a zuba acca ana juyawa don kada ta yi gudaji. Can ƙarshe a watsa yakuwa da alayyafo, a sauke kafin ganyen ya mutu. Ba ya son mai da yawa. Ɗan tsamin yakuwar nan da zafinsa, da safe cikin ɗari, shi ke buɗe ƙirji. Tsohuwarku za ta ji daɗinsa, ba ya nauyi a ciki.

Wahalar acca wanki ne. Ƙwayarta ƙanana ce kamar yashi, kuma yashin yana shiga cikinta wajen sussuka. Kakata takan zauna da ƙwarya biyu da ruwa tana rairaya, ta juye nan ta juye can, har sai ta ga ba ko tsakuwa ɗaya a gindin ƙwarya. In za ki saya ki tafi da ita, ki ce wankakkiya kike so, ki ɗebi kaɗan ki tauna a gaban mai sayarwa. Haƙori ba ya ɓoye yashi. Ana tuwonta, ana kununta, ana dafa ta kamar shinkafa, masu ciwon sukari suna nemanta sosai. Ki nemi tamba ma don kunu.

Sitiroberi kuwa a wajenmu ake nomansa, ƙauyen Chaha ya yi suna a kai. Daga wajen Disamba zuwa Maris ake tsinka. Ganyen a ƙasa yake kamar na gyaɗa, 'ya'yan suna leƙowa ta ƙarƙashi. In kun zo Vom za ku ga gidaje da gonaki kewaye da shingen ƙyarana, haka kakanninmu suke katanga. Ku ja wa yara kunne kada su karya ta, farin ruwanta yana cutar da ido. A nan ne kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924, dalilin da ya sa aka san Vom da shanu da madara ke nan.

Ɗan Gangare:
Mama Ngo kin manta atili.

Ngo daga Vom:
Ai na bar wa mutanen Pankshin ne, su ne masu shi. Amma ga yadda ake yi: a jiƙa shi a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. In ruwan ya cika zafi ƙanƙamewa yake ya ƙi laushi. A rufe na ɗan lokaci, in kin matsa kin ji ya sake, a barbaɗa gishiri. Fatar baƙa-baƙa, cikin kore mai maiƙo, ƙwallon dogo mai tsini. Ana tatsar mai a jikinsa, a zuba a dafaffen wake.

Ummu Khalil:
Ku yi haƙuri da tambayata, ba don ɓata wa kowa ba. Baƙo Musulmi zai iya shiga duk gidan abincin da ya gani ya ci?

Ngo daga Vom:
Ba ɓatanci a ciki 'yar'uwa, tambaya ce mai kyau. Akwai wuraren da ake sayar da abin da ku ba kwa ci, kuma ba a ɓoye suke ba. Ki tambaya kai tsaye za a faɗa miki gaskiya. Ni in maƙwabtana Musulmi za su ci abincina, wurin mahauta nake sayen nama, kuma sun sani.

Ɗan Gangare:
Haka ne. Kuma wajen Babban Masallaci da Dilimi da hanyar Bauchi, masa da miyar taushe da tsire da balangu da shayi ba sa yankewa. Ku gwada ƙosan dankali da soyayyen Arish da ƙwai. Mu a nan ba ma cewa dankalin turawa, Arish kawai za ki ce.

Dillali a Farin Gada:
Tunda an zo kan Arish, ni ma ina da ta cewa, kuma a nan ina bayan Abu Sadiq. Mafi yawan dankalin turawan da ake ci a ƙasar nan daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake fitowa. Na damina ana shuka shi da ruwan farko, a haƙe a Yuli da Agusta. A lokacin ne kasuwa ke cika, buhu ya yi araha, sabon dankali fatarsa da yatsa ma sai ta saluɓe. Ga ɗanyar masara ana gasawa ko'ina. Sai dai in shekara ta zo da yawan ruwa da hazo, cutar da ke ƙona ganye takan shiga gona ta cinye cikin kwanaki, manomi ya tashi a tutar babu. Na rani kuma yana fitowa bayan sabuwar shekara.

Hajiya in za ki yi sayayya a wurinmu, ki zo da sassafe lokacin da ake sauke kaya. In kwando za ki saya ki ce a juye miki a gabanki, mai gaskiya ba zai ƙi ba. Karas ki sa a yanke ganyen, in ba haka ba kafin Zariya ya yi yaushi. Kabeji ki ɗaga ki ji nauyi. Sitiroberi kuwa ranar tafiya ake saye, kada ki wanke, kada ki ɗora masa komai, kada ya shiga but. A cinya ake riƙe shi. Daga nan zuwa Gusau tafiyar yini ce, wanda ya nuna sosai yara su cinye a hanya.

Bafulatanar Gembu:
Duk wannan yabon da kuke wa Jos, ku zo Mambila ku ga sanyi da kore. Mun fi su tudu, ga gonar shayi a Kakara, ga shanu a kan tsaunuka.

Malam Mai Taswira:
Gaskiyarki 'yar'uwa, Mambila ta fi tudu. Amma daga Gusau zuwa Gembu da tsohuwa da ɗan shekara 4, ga hawan dutsen nan mai kwana-kwana, tafiyar ta fi ƙarfin hutun kwana biyar. Su fara da na kusa.

Ummu Khalil:
Ni fa har yanzu ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. Lafiyar garin fa? Mu daga nesa in aka ce Jos, rikici ne ke fara zuwa mana a rai. Mutum ya kwashi iyalinsa kaf ya kai su?

Ɗan Gangare:
Ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga 2001, na ga 2008, na ga 2010. Na rasa abokai, gidan yayata ya ƙone. Tun daga lokacin unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa, abin da ba haka muka taso ba. A ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Riyom kuma har yanzu akan kai hare-hare. Amma cikin gari muna nan muna kasuwa tare kullum, yara suna makaranta, baƙi suna shigowa biki da karatu. Shawarata: ku shigo da rana ku fita da rana, ku samu ɗan gari ya riƙa raka ku, kafin ku fita ƙauye a kira a tambayi yadda aka kwana, kuma ku guji lokacin zaɓe.

Ngo daga Vom:
Mu ma mun binne namu, ɗana. Ba gidan da abin nan bai taɓa ba, ko ta wane ɓangare. Abin da ya faɗa daidai ne. Ranar da za su zo Vom ni zan tare su a bakin hanya da kaina, in mayar da su kafin la'asar.

Sabon Shiga:
Ai kowa ya san su wa suka fara...

Mai Kula da Zaure:
Malam dakata nan. Baiwar Allah shawarar tafiya ta nema, kuma waɗanda abin ya shafa da kansu sun yi magana cikin mutunci. Duk wanda ya ɗauko zancen wa ya fara zan goge. A ci gaba.

Ɗalibar Naraguta:
Anti, ga na yara. Ku ba gidan tarihi yini guda. An buɗe shi a 1952, wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ne ya kafa shi, kuma shi ma kuza ce silarsa: wajen haƙa aka riƙa tono kawunan mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Ɗaya daga cikin shahararrun ma bayan an tono shi, wani ya kafa shi a gonar doya yana korar dabbobi da shi, kafin a kai wa Fagg wajen 1943. A gefe akwai filin da aka gina kwafin gine-ginen gargajiya da ƙasa, har da ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. Ki shiga ki ɗaga kai ki ga bakan gizon rufin, za ki san magina Hausawa ba ƙananan mutane ba ne. Akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, autanku zai so su. Sai gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, akwai itatuwa masu inuwa da wurin shimfiɗa tabarma. Ginin ƙasa da yawon daji duk sun fi daɗi in ba ruwa, don haka ni ma Disamba na zaɓa.

Baban Amira:
A kan masauki ku yi hattara. Bara a Janairu na kama ɗaki a wani otal, ba zan kira suna ba, a waya aka rantse mini akwai ruwan zafi. Da asuba na buɗe famfo kamar ƙanƙara, na fita neman ma'aikaci ba kowa. Ɗiyata ta dawo gida da tari na sati biyu. Kada ku biya sai kun shiga banɗaki kun kunna kun taɓa da hannunku. Ku tafi da butar lantarki da filas babba.

Anti Nas:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, tsohuwar nake tunani. Masu ciwon gwiwa da yawa suna kukan ya fi tsananta da sanyi, amma danshin marka ma ba ya raga musu, ga santsi, faɗuwa kuwa ita ce babbar matsala ga mai shekaru. In Disamba ne, a sa mata safa mai kauri da dogon wando a ƙarƙashin zani, alwala da ruwan ɗumi, kada ta fita sai rana ta ɗaga. Ta tafi da magungunanta isassu. Yara a rufe musu kai da ƙirji, a shafa musu man kaɗanya don kada leɓe da ƙafa su tsage. Abu mafi muhimmanci: komai sanyi kada a kwana da gawayi a ɗaki a rufe. Hayaƙinsa ba ya wari, kuma yana kisa cikin barci. In akwai mai asma a cikinsu, ƙurar hunturu tana tayar da ita, a riƙe abin shaƙa a jaka.

Maman Hanifa:
Jama'a na rasa bakin godiya. Jiya bayan isha'i na zauna na karanta wa Baban Hanifa da Hajiya duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan maganar Baba Mai Lambu sai na ga Hajiya ta yi shiru tana share ido da bakin mayafi. Ashe ƙanin mahaifiyarta yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin kuza daga ƙasarmu, kuma bai dawo ba, ba a ma san inda kabarinsa yake ba. Ita ba ta tashi ta gan shi ba, amma ta ce har mahaifiyarta ta rasu, duk shekara in ɗari ya shigo sai ta ambace shi ta yi masa sadaka. Shekarata 13 a gidan nan ban taɓa jin labarin ba, shi kansa Baban Hanifa bai sani ba. Ashe dalilin da ya sa ta nace sai ta bi mu ke nan.

Mun ce mata ko a bari sai Afrilu saboda gwiwarta, ta ce a'a, a cikin ɗarin take so ta je, ta tsaya a bakin ramin ta yi masa addu'a. Don haka Disamba ne in Allah ya kai mu, mako na ƙarshe. Abu Sadiq ka yi haƙuri, Assop sai wata shekarar. Mama Ngo zan shigo miki ta saƙon sirri.

Abu Sadiq Bauchi:
Ba komai Hajiya, uzurin ya fi ƙarfin musu. Allah ya jiƙansa da rahama. In ta Zariya za ku biyo, Pambeguwa da Saminaka da Jengre, ku yi sammako ku shiga gari kafin la'asar.

Baba Mai Lambu:
Allahu Akbar. Allah ya gafarta masa, ya haɗa su da mahaifina a Aljanna, wa ya sani ko bukka ɗaya suka kwana. 'Yata ki gaya wa Hajiya akwai tsohon rami kusa da lambuna, mota tana isa har kusa da bakinsa, ba sai ta taka da nisa ba. Zan sa a kai mata kujera. Ku zo ƙarfe goma, lokacin rana ta ɗumama ƙasa. Jikana zai tura wa maigidanki kwatance. Ku taho da buhu biyu babu komai a ciki, ɗaya na kabeji da karas, ɗaya na dashen da za ki gwada a Gusau. Na'ana'a da fasli za su yi miki in kin sa su a inuwa kina ba su ruwa safe da yamma.